Sabar ta kamfani: wane furosesa zan saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna sarin kayan masarufi a Kano, kwamfutoci 12 gare mu, kowa da nasa lissafin, har ta kai akanta da mai kula da sito ba sa faɗin abu ɗaya. An ba ni shawara in haɗa sabar da za ta riƙe manhajar lissafi da takardunmu wuri guda. Wane furosesa zan saya, kuma RAM nawa zai ishe ni?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Furosesa ba shi ne damuwarka ba. Mutum 12 masu shigar da rasit da duba kayan sito ba za su gajiyar da ko ƙaramin Xeon (furosesan sabar na kamfanin Intel) ba. RAM kuwa 32 GB ya isa, amma ka nemi irin wanda ake kira ECC, mai gyara ƙaramin kuskure da kansa kafin ya shiga cikin lissafi.

Abin da za ka fara tambayar kanka shi ne: in sabar ta mutu da hantsin Litinin, motoci na jiran lodi, awa nawa kasuwar za ta jure? Amsar nan ce za ta nuna inda kuɗinka zai tafi.

Wuta ce kan gaba. Sabar mai cin wat 100 dare da rana tana shan 2.4 kWh a yini. Batirin inbata na 12V 200Ah shi ma 2.4 kWh ne a rubuce, sai dai na dalmar nan ba a so a zuƙe fiye da rabinsa, in ba haka ba ya mutu da wuri. Ke nan batiri ɗaya da ƙyar zai kai ka awa 10, tun ba a lissafa na'urar intanet ba. Ko kana da sola, ka sa UPS, na'urar da ke riƙe wuta na ɗan lokaci in an ɗauke, a tsakani, ka haɗa shi da sabar ta wayar USB domin ta kashe kanta cikin natsuwa in batiri ya kusa ƙarewa. Ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubuta bayanai, da fizgar da ake samu wajen komawa janareta, suna cikin abubuwan da ke lalata lissafin mutane.

Sai ma'adana. Ka sa ma'adana mai sauri irin ta SSD guda biyu a tsarin RAID 1, wato, duk abin da aka rubuta a ɗaya yana cikin ɗayan. Amma kada wani ya ce maka wannan ya wadatar. In yaro ya goge fayil, ko masu garkuwa da bayanai suka kulle shi, duka biyun ne za su tafi tare. Ƙa'idar ita ce kwafi 3, a kan ma'adana iri 2, ɗaya kuma ba a cikin ginin ba, don gobarar kasuwa ba ta bambanta sabar da katan ɗin taliya. Duk wata a ɗauko kwafin a gwada buɗe shi.

Ni a ganina, maimakon ka tattaro kaya ɗaiɗai ka haɗa, gara ka nemi Dell PowerEdge ko HP ProLiant ta hannu, mai tsayuwa irin ta tebur, ka zuba mata sababbin ma'adanai. Siraran sabobin nan da ake jerawa a cikin kabad na ƙarfe, ƙararsu ba ta barin mutum ya yi waya a ofis. Yawancin injunan Dell da HP ɗin suna da iDRAC ko iLO, wanda zai ba mai gyara damar duba ta daga nesa, wasu ma da gidan wuta biyu.

Kafin ka biya, tambayi masu manhajar lissafinka a kan me take gudu. In Windows Server ce, akwai kuɗin lasisin CAL na kowane ma'aikaci ko kowace kwamfuta, kuma kada ka karɓi tsohon samfurinta na 2012 R2, Microsoft ta daina kula da ita tun Oktoban 2023. In tana gudu a Linux, Ubuntu 24.04 kyauta ce, da kulawa har 2029.

Wurin ajiya ma a duba. An ƙera irin waɗannan injuna don ɗakin da bai wuce digiri 35 ba, Kano kuwa tana haura 40 a watan Afrilu. A ɗaga ta daga ƙasa, a ɗaki mai makulli da iska, a riƙa hure mata ƙura musamman lokacin hunturu. Kalmar sirrin babban mai kula kuma ta kasance a hannunka, ba a hannun mai gyara kaɗai ba.