Hukuncin ba da gonar abinci haya don noman man mota

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga Aboabo nake a Kumasi. Mahaifinmu ya bar mana gona a wajen Ejura, masara da doya ake nomawa a cikinta. Wani kamfani yana so mu ba shi haya na shekaru masu yawa, ya shuka cini-da-zugu don yin man mota. Kuɗin da kauri. Ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya jiƙan mahaifinku.

Asalin haya halal ne, kuma tatsar mai daga tsiro ba laifi ba ne. Abin dubawa shi ne cutarwa, domin Manzon Allah (SAW) ya ce: "Babu cuta, babu cutarwa", kamar yadda Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa.

To, a nan Ghana mun ga wannan da idonmu. Wajen 2007 zuwa 2010 kamfanoni sun karɓi manyan filaye a arewa da tsakiyar ƙasa saboda cini-da-zugu. A wasu wuraren an sare kaɗanya da ɗorawa, bishiyoyin da mata ke samun man kaɗe da daddawa daga gare su. Yawancin ayyukan suka durƙushe, aka bar manoma ba gona ba aiki. Shi kuwa cini-da-zugu, ƙwallonsa guba ne, mutum ba ya ci, dabba ba ta ci. A 2008 abinci ya yi tashin gwauron zabi a duniya, kuma cikin dalilai har da karkatar da masarar Amurka zuwa man mota. Masarar Ejura ita ce kokon yara da dokunu da tuwon gidajen Zango. Wannan ne ke damuna ƙwarai.

Malamai sun ce kawar da ɓarna ana gabatar da shi a kan jawo amfani. Saboda haka idan akwai masu noman abinci a gonar da za a kora, ko za a sare bishiyoyin da jama'a ke rayuwa da su, ban ga halaccin wannan hayar ba. Idan kuwa akwai gefen da ƙasarsa ta gaji, ba ya ba da hatsi, ya halatta ku bayar da shi, da sharaɗin duk magada su yarda, har 'yan'uwanku mata, a rubuta wa'adin da bai yi tsawo ba, a kuma rubuta cewa gonar za ta dawo hannunku idan kamfanin ya daina aiki. Ku sanar da sarkin da ƙasar ke hannunsa kafin ku sa hannu.

Wallahu a'alam.