Tambayoyinku a Kan Cututtukan Jini

Likita, shekarata 52. Wata shida ke nan ina fama da kasala da jiri, in na hau bene sai haki. An ce jinina ya yi ƙasa, na shanye kwalba uku ta maganin ƙara jini, amma shiru.

Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Abin da ya dame ni a wasiƙarka shi ne kwalba ukun nan, don har yau ba wanda ya tambayi ina jinin naka yake tafiya. Ƙarancin jini alama ce, kuma ta hanya uku yake zuwa: ko ɓargo ya gaza ƙera isasshe, ko jini yana zuba ta wani wuri, ko jajayen ƙwayoyin suna fashewa kafin su cika kwana 120 da ya kamata su yi.

Gwajin farko shi ne ƙidayar ƙwayoyin jini, wanda ake rubutawa FBC a takardar gwaji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce namijin da himogilobin ɗinsa, wato sinadarin da yake ba jini launin ja, bai kai 13 ba yana da ƙarancin jini. A mace 12 ne, mai ciki kuma 11. Daga nan sai a shafa ɗigon jini a gilashi a duba da madubin likita. In ƙwayoyin ƙanana ne kuma sun koɗe, galibi sinadarin ƙarfe ne ya ƙare, sai gwajin feritin, mai auna ajiyar ƙarfe a jiki, ya tabbatar. In manya ne, sai a nemi bitamin B12 da folik asid.

Namiji mai shekarunka ba ya rasa sinadarin ƙarfe haka kawai. Sau da yawa jini ne yake tsiyaya a ciki ko hanji: olsa, tsutsar ciki, yawan shan diclofenac da ibuprofen, wani lokaci kuma ƙari a hanji. Ka lura da bayan gidanka, ko yana fitowa baƙi kamar kwalta. Ka nemi a tura ka a leƙa ciki da hanji da na'ura. Kafin a toshe inda yake zuba, shan magani zuba ruwa ne a rariya.

Zan yi aure. Wani gwaji ya ce ni AA ce, wani kuma ya ce AS. Wanda zan aura AS ne.

'Yar uwa, jinotaif ba ya canzawa, ɗaya daga cikin sakamakon ne kuskure. Ki sake yi a inda suke da na'urar HPLC ko ilektiroforesis, ki tsaya a rubuta sunanki a kwalbar a gabanki. In an ƙara miki jini cikin wata uku da suka wuce, ki faɗa musu, don jinin wani yana rikita sakamako. In ya tabbata ke AS ce, kowane ciki yana da yiwuwar 1 cikin 4 na zuwa da sikila. Kowane ciki lissafinsa daban, haihuwar mai sikila ɗaya ba ta kare na bayansa.

Ɗana mai shekara 3 gwiwarsa tana kumbura ba tare da faɗuwa ba. Da ya ciji leɓe, jini ya kwana yana zuba. Ƙanina ma haka yake tun yana yaro.

Maman yaro, batun ƙaninki ya sa na fi zargin himofiliya, wato rashin wani sinadarin daskarar da jini, na 8 ko na 9. Ana gadonta ta wajen uwa, maza kuma ta fi kamawa. Ba laifinki ba ne ko kaɗan. Ƙidayar jini takan fito lafiya lau a wannan cuta, shi ya sa iyaye suke komawa gida da zaton babu komai. Gwajin daskarewa na APTT ake buƙata, sannan a auna sinadarin kansa. Wannan aikin ƙwararren likitan jini ne. Kafin ku gan shi, kada a ba shi asfirin ko ibuprofen, kada a yi masa allura a tsoka, kada a cire masa haƙori ko a yi masa wata tiyata. In ya buga kai, a tafi asibiti nan take ko da yana wasansa.

'Yata mai shekara 6 tana ta zazzaɓi, ta koɗe, dasashinta na jini. An ce za a ɗebi ɓargonta, 'yan uwa kuma sun ce kada na yarda, za ta gurgunce.

Baban yarinya, na san wannan tsoron, na sha ganinsa a fuskar iyaye. Mutane suna zaton laka za a taɓa. Allurar ba ta zuwa kusa da laka. Ana kwantar da yarinya ta gefe, a kashe zafin wurin da allura, yara kuma akan ba su maganin barci. Sai a shiga ƙashin ƙugu ta baya a zuƙo ɗan kaɗan. Aikin ba ya cika wuce rabin awa, wurin yakan yi tsami na kwana biyu, jiki kuma yana mayar da abin da aka ɗiba.

Alamun da ka lissafa suna nuna cewa ɓargon ne ya kasa aikinsa. Zai iya zama sankarar jini, zai iya zama wani abu daban, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Ko sankarar ce, nau'in da ya fi kama yara yana jin magani sosai. A ƙasashen da suke da cikakkun kayan aiki, kusan yara 9 cikin 10 suna warkewa.

Ina roƙonka abu biyu. Kada a ba ta prednisolone ko dexamethasone kafin gwajin, don suna ɓoye cutar su ɓata sakamako. Sannan ka tafi da duk takardun gwajinta na baya, har da ranakun da aka ƙara mata jini. Ka kai ta cikin makon nan, in zazzaɓin ya tashi ko jinin ya ƙi tsayawa kuwa, kada ka bari ta kwana a gida.