Shin tsarin juyayyen aji zai yi aiki a makarantunmu na jeka-ka-dawo?

Tambaya: Ni malamar kemistiri ce a wata sakandaren gwamnati ta jeka-ka-dawo a Azare, kuma ajina na SS2 ya haura ɗalibai 70. A wani taron ƙara wa juna sani an ba mu shawarar mu gwada juyayyen aji, wato yara su kalli darasi a gida, su zo aji a yi aiki. Yawancin ɗalibaina ba su da waya, wutar lantarki kuma ba ta da tabbas. Shin wannan tsari namu ne, ko na masu hali ne kawai?

Amsa: Malama, tambayarki ta faɗo daidai inda gizo yake saƙa, domin yawancin masu tallata wannan tsari suna gabatar da shi kamar maganar bidiyo ce da intanet, alhali ba can ruhinsa yake ba. A koyarwar da muka saba, malami yana cinye mintuna 40 na darasi yana bayani da rubutu a allo, sa'annan ya sallami yara da aikin gida, wanda shi ne ɓangaren da ya fi wuya, su je su yi fama da shi inda babu mai taimakonsu. Juyayyen aji yana musanya waɗannan biyun: haɗuwar farko da sabon abu, wadda ta fi sauƙi, ana yin ta kafin a shigo aji, shi kuwa aikin da yaro yake tuntuɓe a kansa a yi shi a gaban malami.

Waɗanda suka fi yaɗa tsarin malaman kemistiri ne kamar ki, Jonathan Bergmann da Aaron Sams, a wata sakandare ta garin Woodland Park a jihar Kolorado ta Amurka. A 2007 suka fara naɗar darussansu a bidiyo saboda ɗaliban da suke rasa aji, daga bisani suka lura cewa naɗin ya 'yanta musu lokacin aji gaba ɗaya, suka kuma fitar da littafi a kan haka a 2012. Tun kafin su, a farkon shekarun 1990, Eric Mazur mai koyar da fiziks a Jami'ar Harvard ya riga ya fara sa ɗalibansa karatu kafin lacca, kuma da takarda ya yi, ba da bidiyo ba. Wannan batu na Mazur shi nake so ki riƙe. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin duk wanda ya zauna a zauren malami ya san cewa ɗalibin kirki yana muɗala'ar babin da za a karanta tun kafin ya zo ya ja baƙi, kuma tambayoyinsa sukan bambanta da na wanda ya buɗe littafin a nan take.

Game da ko tsarin yana haifar da ɗa mai ido, binciken da aka tattara ya nuna cewa yana da ɗan fifiko a kan lacca zalla, amma fifikon ba mai girman gaske ba ne, kuma yawancin gwaje-gwajen a jami'o'i aka yi su. Ribar tana fitowa ne daga abin da aka yi da lokacin ajin da aka samu. Malamar da ta tura bidiyo sa'annan ta shigo ta maimaita abin da ke cikinsa ba ta juya komai ba, ta dai ninka wa yara nauyi ne.

Saboda haka, a halin da kike ciki, ina ba ki shawara ki manta da bidiyo tukuna. Ki rubuta shafi ɗaya tak a kan darasin da ke tafe, da Turanci mai sauƙi, da misali guda da aka warware daki-daki, da tambayoyi uku a ƙasa. Idan kuɗin fotokwafi na mutum 70 ya yi yawa, a raba kwafi ɗaya ga kowane mutum huɗu da ke unguwa ɗaya, ko a kafe shafin a bangon aji kwana biyu kafin darasin. Ga waɗanda akwai waya a gidansu, saƙon murya na minti biyar da kika yi da Hausa kina fayyace shafin ya fi bidiyon da aka ɗauko daga ƙasar waje amfani, ba ya cin data sosai, kuma ana iya tura shi daga waya zuwa waya ta Bluetooth ko Xender. Sai dai ki kiyaye, kada saƙon ya ƙunshi wani abin da babu shi a takardar, don kada ajinki ya rabu gida biyu tsakanin ɗan mai hali da ɗan talaka.

Mu ɗauki darasin daidaita lissafin haɗuwar sinadarai, wato a sa yawan ƙwayoyin kowane sinadari ya zo ɗaya a ɓangarorin lissafin biyu. Ki buɗe aji da tambaya ɗaya a allo: yaya za a daidaita H2 + O2 → H2O? Ki ba da zaɓi huɗu, kowa ya ɗaga yatsu a gaban ƙirjinsa gwargwadon amsarsa. Za ki tarar da wasu da dama sun zaɓi mayar da H2O zuwa H2O2, domin a ido lissafin ya daidaita, alhali sun sauya ruwa zuwa wani sinadari daban. Kada ki gyara musu nan take. Ki ce kowa ya juya ga na kusa da shi ya shawo kansa cikin minti biyu, sa'annan a sake ɗaga yatsu. Wannan ita ce dabarar Mazur, kuma ta dace da aji mai cunkoso, tun da ba ta buƙatar a motsa benci ko ɗaya. Sauran lokacin su warware lissafi a rukuni-rukuni, ke kuma kina zagayawa kina tsayawa inda aka cije. A lacca ta yau da kullum, wannan kuskuren na H2O2 sai ranar da kike makin jarrabawa za ki gan shi, lokacin da bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Babbar barazanar tsarin ita ce yara su zo ba su karanta ba, kuma a nan dole mu yi wa kanmu adalci. Yarinyar da ta koma gida ta tarar da wanke-wanke da ɗiban ruwa, ta wuce Islamiyya da la'asar, ga duhu bayan magariba, ba ganganci ne ya hana ta karatu ba. Haka yaron da yake tsaron shago ko yake gona da damina. Don haka kada aikin share fage ya wuce minti 15, kuma ki nemi shugaban makaranta ya ba ku wani ɗan lokaci kafin tashi da za a karanta shafin a cikin makaranta. Makarantun kwana sun fi samun sauƙi a nan saboda suna da lokacin firef, wato lokacin da aka ware wa ɗalibai su yi nazari bayan an tashi daga darasi. Tambayoyin nan uku kuwa ki riƙa duba su a bakin ƙofa kina ba da ɗan maki cikin gwajin zango, domin abin da ba a dubawa yara sukan gane da wuri su watsar da shi.

Ban ga dalilin juya kowane darasi ba. Batu mai sarƙaƙiya kamar ma'aunin mol, wanda ake auna yawan ƙwayoyin sinadari da shi, ya fi kyau ki fara gabatar da shi da bakinki, kuma manhajar WAEC da NECO ba za ta jira ki ba. Ki zaɓi darasi ɗaya a mako na tsawon makonni huɗu, ki sanar da shugaban makaranta tun da wuri don kada ya ji hayaniyar rukunai ya zaci aji ya kuɓuce miki, ki kuma aika wa iyaye bayani ta bakin ƙungiyarsu. A ƙarshen makonnin ki ba da gajeren gwaji a kan darussa huɗun, ki fi zuba ido a kan makin ɗalibai goma da suka saba zuwa ƙarshe.