Tambaya da Amsa: Gidan Rediyon Gwamnati Na Wane Ne?

Wasiƙu uku muka zaɓo a wannan fitowa, biyu daga Jihar Bauchi, ɗaya daga Gombe, kuma duka a kan kafafen yaɗa labarai na gwamnati suke magana. Mun taƙaita su saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni tsohon malamin makaranta ne, na fi shekara talatin ina sauraron labarun wani gidan rediyon gwamnati kowace safiya. Abin da ke damuna shi ne kullum da mai mulki ake buɗewa, sai mataimakinsa, sai uwargidansa, sai masu miƙa godiya, alhali ɗan adawa ba a jin muryarsa sai ranar da ya sauya sheƙa. Na ga gwamnatoci sun canza, jam'iyyu sun canza, amma salon bai canza ba. Shin doka ce ta tsara haka? Daga wani mai karatu, unguwar Jahun, Bauchi.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Doka ba ta tsara haka ba, hasali ma akasin haka ta faɗa. Sashe na 22 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa jaridu da rediyo da talabijin nauyin bin diddigin gwamnati domin ta riƙa yi wa jama'a bayanin abin da take yi, bai kuma ware gidajen gwamnati daga wannan nauyi ba. Dokar Zaɓe ta 2022, a sashe na 95, ta haramta amfani da kafafen gwamnati domin fifita wata jam'iyya ko danne wata, ta ce a raba lokaci daidai tsakanin 'yan takara a sa'o'i masu kama da juna, ta kuma yanka tarar naira miliyan 2 a karon farko ga gidan da ya saɓa, da miliyan 5 idan ya maimaita. Sai dai kowace daga cikin dokokin biyu tana da ɓarakarta. Sashe na 22 yana cikin babi na biyu na Kundin, wanda shi kansa Kundin ya ce ba a kai ƙara kotu a kansa. Shi kuwa sashe na 95, lokacin yaƙin neman zaɓe ya fi shafa, kuma ya gindaya sharaɗin biyan kuɗin fili, wanda hakan ke nufin mai aljihu ne zai ci moriyar daidaiton.

Abin da Malam yake ji kowace safiya ya girmi dokokin nan duka. A 1953, bayan rikicin da ya sa wakilan jam'iyyar Cif Obafemi Awolowo suka fice daga majalisa, Gwamna Macpherson, Baturen da ke mulkin Najeriya a lokacin, ya shiga gidan rediyon 'yan mulkin mallaka ya soke su, da Awolowo ya nemi a ba shi dama ya mayar da martani sai aka hana shi. Wannan takaici na daga cikin abin da ya sa tsarin mulkin 1954 ya bai wa yankuna ikon kafa gidajensu, har gwamnatin Yamma ta buɗe talabijin a Ibadan a 1959, Arewa kuma ta buɗe rediyo da talabijin nata a Kaduna a 1962. Wato tun ranar haihuwa, an kafa waɗannan gidaje ne domin mai mulkin yanki ya sami bakin magana, ba domin talaka ya sami wurin kai kuka ba. Da soja suka zo suka tattara talabijin a ƙarƙashin NTA, hukumar talabijin ta ƙasa, a 1977, aka kuma yi ta ƙirƙiro jihohi, Bauchi a 1976, Gombe a 1996, sai kowace sabuwar jiha ta ɗauki gidan rediyo a matsayin wani kayan sarauta, tamkar tambari da algaita a ƙofar fada.

A ganina, igiya uku ce ke ɗaure da wuyan kowane gidan watsa labarai: wanda ke naɗa shugabansa, wanda ke biyan albashi da kuɗin man janareta, da wanda ke iya sallamar shugaban da takarda ɗaya. A jihohinmu duka ukun a hannu ɗaya suke, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Saboda haka ba na son yadda ake saurin zagin ma'aikatan gidajen nan, domin a cikinsu akwai ƙwararru da suka san aikinsu sarai, kuma sau da yawa ba wanda ya buga musu waya daga gidan gwamnati ya ce su cire labari. Editan da kansa ne yake auna abin da zai iya jawo masa canjin wurin aiki zuwa wata ma'aikatar da ba ta da ko kujerar zama, sai ya ajiye labarin tun kafin a tambaye shi. Wannan takunkumin da mutum ke sa wa kansa ya fi na hukuma illa, saboda ba ya barin wata shaida da za a kama.

Ba sai mun je Turai neman misalin gyara ba. Kundin tsarin mulkin Gana na 1992 ya ɗauke ikon naɗa hukumomin gudanarwar kafafen gwamnati daga hannun shugaban ƙasa shi kaɗai, ya miƙa shi ga wata hukumar kula da kafafen yaɗa labarai mai wakilai daga ƙungiyoyi dabam-dabam, wadda ke tuntuɓar shugaban kafin ta yi naɗi. A 1993 jam'iyyar adawa ta NPP ta maka gidan rediyo da talabijin na ƙasar a Kotun Ƙoli, saboda ya bai wa jam'iyya mai mulki fili ta kare kasafin kuɗi ya hana ta irinsa, kotun kuma ta ba ta gaskiya. A Jamus magidanta ne ke biyan kuɗin kafafen jama'a kai tsaye ba ta baitulmali ba, kuma a 2014 kotun tsarin mulkinsu ta yanke cewa wakilan gwamnati da na 'yan siyasa kada su wuce kashi ɗaya cikin uku a majalisun sa ido. Ko BBC da ake yawan buga misali da ita ba ta tsira gaba ɗaya ba, domin gwamnati ce ke zaɓar shugaban hukumar gudanarwarta, kuma a 2023 sai da Richard Sharp ya ajiye wannan muƙami bayan an gano bai bayyana rawar da ya taka ba a wani batun bashin da aka nema wa Firaminista Boris Johnson. Bambancin shi ne a can BBC da kanta ta karanta labarin faɗuwar shugabanta a kanun labarai. A nan gida, majalisar dokokin jiha na da ikon gyara dokar da ta kafa gidan rediyon jiharta, ta ba shugabansa wa'adi tsayayye, ta sa majalisa cikin naɗi da tsigewa. Abin da na lura shi ne kowace jam'iyya tana son wannan gyara ne muddin tana adawa.

TAMBAYA: Ni ɗaliba ce, muna da ƙungiyar wasan kwaikwayo. Mun rubuta wasa a kan wani shugaban ƙaramar hukuma na ƙage wanda ya ƙaddamar da rijiyar burtsatse ɗaya har sau uku, kowane karo da sabon fenti. Mun kai wani gidan watsa labarai na gwamnati, aka ce abin ya yi kyau amma ba za a sa ba, wai cin mutuncin shugabanni ne. Shin barkwanci a kan masu mulki laifi ne? Daga wata mai karatu, Tudun Wada, Gombe.

AMSA: Malama, na yi dariya da na karanta batun fentin nan, kuma ina zaton wanda ya ƙi sa wasan ma ya yi tasa dariyar kafin tsoro ya kama shi. Barkwanci a kan mai mulki ba laifi ba ne, ba kuma baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Muna da zambo, muna da habaici da gugar zana da shaguɓe, kowanne da matsayinsa. A tashe, daga goma ga azumi, yara kan kwaikwayi dattijo da malami da mai kuɗi a ƙofar gidajensu, a yi dariya a ba su sadaka. 'Yan kama kan juya wa'azi ya koma zancen tuwo a gaban malamai ba a ce sun yi saɓo ba, kuma wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari ya isa shaida cewa al'ummarmu ta daɗe da sanin yadda ake faɗin magana mai ɗaci a cikin raha. Ko a fada, mawaƙin sarki yana da lasisin yin zambo. Amma a lura da wanda yake yi wa: abokan hamayyar ubangidansa, 'yan'uwan sarki masu jiran gado, ba shi sarkin ba. Wannan gadon ne gidajen gwamnati suka ɗauka, shi ya sa ba su rasa ba'a ba, sai dai kullum fuska ɗaya take kallo.

Nan ne nake ganin ma'aunin yake. Idan ana son a san ko gidan watsa labarai yana da 'yancin kansa, kada a tsaya ƙirga mintocin da ya bai wa kowace jam'iyya, a duba ko zai iya sa wasan da ke yi wa mai ci yanzu dariya, ya kuma sake sa irinsa bayan mulki ya koma hannun wasu. Tarihin Bauchi ma ya nuna mana wannan. A 1943 aka kafa wani dandalin muhawara a garin da amincewar hukumomin mulkin mallaka, inda irin su Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ke tattauna al'amuran jama'a, amma da muhawarar ta taɓo tsarin mulkin En'e kansa, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, dandalin bai yi tsawon rai ba.

Sai dai fa akwai iyaka, kuma ba na son a fake da barkwanci a tsallake ta. Zambon da ya taɓa asalin mutum ko addininsa ko ƙabilarsa ko nakasar jikinsa ko iyalinsa ya tashi daga suka ya koma zagi, kuma a jihohi masu ƙabilu da addinai a cakuɗe kamar Gombe da Bauchi, irin wannan wasa yana iya ƙarewa a asibiti. Jingina wa mutum sananne laifin da bai yi ba ƙazafi ne ko da an yi shi cikin waƙa. A Jamus, a 2016, wani mai barkwanci mai suna Jan Böhmermann ya karanta baitocin batsa a kan Shugaba Erdogan na Turkiyya a talabijin ɗin jama'a. Masu gabatar da ƙara sun dakatar da binciken da aka fara yi masa, majalisa ta soke dokar hana zagin shugabannin ƙasashen waje daga 2018, amma wata kotu a Hamburg ta hana maimaita mafi yawan baitocin. Wato sun ƙi ɗaure shi, sun kuma ƙi wanke batsar.

Wasanku bai kusanci wannan iyaka ba. Aiki kuka soka ba asali ba, ba ku ambaci sunan kowa ba, kuma duk wanda ya ji da shi ake, to mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as. Shawarata ita ce ku nemi a rubuta muku layin da ya saɓa wa ƙa'idar watsa labarai ta NBC, hukumar da ke sa ido a kan gidajen rediyo da talabijin na ƙasa, cikin ladabi, domin sau da yawa idan aka nemi dalili a rubuce sai a ga babu shi. Ku kuma tabbata sunan ƙaramar hukumar da kamannin jarumin ba su yi daidai da wani mai rai ba.

TAMBAYA: Tunda gidaje masu zaman kansu sun yi yawa, me zai hana a sayar da na gwamnati kowa ya huta? Daga wani ɗan kasuwa, Azare.

AMSA: Alhaji, ban goyi bayan wannan ba. Gaskiya ne tun da Dokar Soja ta 38 ta 1992 ta buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa aka sami muryoyi da yawa, amma gidan ɗan kasuwa shi ma yana da ubangida, kuma filin siyasarsa na sayarwa ne, shi ya sa sojojin baka suka yi kaka-gida a cikinsa, kowa yana yabon wanda ya saya masa minti biyar. Gidajen 'yan kasuwar ma ba su kuɓuta daga hannun hukuma ba, tunda shugaban ƙasa ne ke naɗa shugabannin NBC mai ba su lasisi. A 2022 hukumar ta ci gidan talabijin na Trust tarar naira miliyan 5 saboda wani shiri a kan 'yan bindiga, kafin Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke a 2023 cewa hukumar ba kotu ba ce da za ta riƙa yanka tara. Sannan akwai aikin da riba ba za ta taɓa ɗaukar nauyinsa ba. Labarai da harshen Tangale ko Tera ko Waja ko Bolanci ko Sayanci ko Jaranci, da shirin manoma kafin faɗuwar damina, da sanarwar rigakafi ga ƙauyen da ba mai tallar da ya san da zamansa, duk gidan da jama'a ke biya ne ya fi cancanta ya yi su. In an sayar da shi, makiyayin da ke rataye da rediyonsa a dajin Dukku ko manomin Bogoro ne zai fara jin shiru, ba mai mulki ba, domin shi gobe zai sayi fili a wani gidan.