Ɗinkin ciki ba ya son keken ƙafa

'Yata, na ji tambayarki jiya muna rufe shago. Kin ce likita ta ga yaron a gicciye, wataƙila sai an yi miki aiki, kina son sanin kwana nawa za ki yi a gida, kuma ko za a riƙa ba ki wani abu. Ban amsa a gaban yara ba don maganar kuɗi ce.

Da farko ki san ba alfarma ake miki ba. Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ya ba mace mako 12, shida kafin haihuwa, shida bayanta, kuma in ta kai wata shida tana aiki a wurin, dole a biya ta aƙalla rabin abin da take samu. Ma'aikatan gwamnatin tarayya mako 16 suke yi da albashinsu cif, Legas da Kaduna sun kai nasu wata shida, amma wannan rabon masu ofis ne, teloli ba ma ciki. Dokar ba ta ƙara wa wadda aka yi wa tiyata ko kwana ɗaya ba, kuma ba ta ɗora kuɗin asibiti a kan mai shago ba. Gata ɗaya ta yi miki: in jikin bai warware ba bayan mako shida, likita ya rubuta cewa daga haihuwar ne, ba a sallamarki saboda haka. Biyan waɗannan kwanakin na ƙari kuwa, ba ta ce uffan ba. Don haka kada ki baro asibiti ba takarda a jakarki.

Mako shida ɗin nan kusan arba'in ɗinmu ke nan. Ga mai zama a tebur yana iya isa. Mu kuwa da ƙafa ake ganin muna taka keke, amma mara ce ke aikin. Fatar waje takan haɗe cikin mako biyu, har ki ɗauka kin warke, alhali ɗinkin da ke can ciki da sauransa.

Ni na gani a jikina. Haihuwata ta uku aiki aka yi mini, saura kwana 20 Sallah, atamfofin mutane jibge har kan tabarma. Kwana 18 na yi na hau keke. Rana ta uku ina cikin haɗa hannun wata riga na ji ɗumi a zanina, na duba, gefen ɗinkin ya buɗe yana ruwa. Wata biyu na yi ana wanke mini ciwo. Kayan Sallar dai wata ce ta ƙarasa su, ta tafi da rabin kwastomomina.

Yanzu lissafi. Ke ba albashi kike ɗauka ba, kuɗin ɗinki ne, to zan buɗe littafi in duba abin da kika samu a wata shidan da suka wuce, in raba shi mako-mako, in riƙa aika miki rabin na mako ɗaya duk Juma'a har mako 12. Na kuma yi wa uwar adashe magana a matso da kwasarki zuwa watan haihuwa. Wadda ke kan layi ta yarda ku yi musaya. Kuɗin adashen ki ajiye shi don asibiti da magani. Ragon suna na mai gida ne, kada in ji.

In kin dawo, keken ƙafa ba naki ba ne tukuna. Za ki zauna kan kujera mai jingina ki yi aikin hannu, maɓalli da kalmasa da jera duwatsu. Ba ɗaga bandir, ba dutsen guga na gawayi, ba abin da ya fi jaririnki nauyi. Daga nan sai keken lantarki in an kawo wuta, shi ma sai likita ta duba ki ta ce to.

Sai wankan jego. Na san Inna, da tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya za ta tarye ki. Ki ce mata ban da kan ɗinkin, in ta ƙi ji ki haɗa ni da ita.

Ranar Litinin ki zo da takardar awo, ki kuma miƙa wa ƙanwarki littafin gwajin amaryar nan, ita za ta ƙarasa kayan.