Peugeot 406 ko Passat: wacce ba za ta cinye maka jari ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da atamfa da shadda, ina saro kaya a Kantin Kwari in kai kasuwannin ƙauye. Ina da mata da 'ya'ya huɗu. Dillali ya nuna mini motoci biyu na hannu, duka masu dogon baya: Peugeot 406 mai giyar hannu, da Volkswagen Passat ta 2002 otomatik. Passat ɗin ta fi kyau, kuma ta ɗan fi sauƙin kuɗi. Daga jarina zan cire kuɗin. Wacce zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa albarka a nema. Ka ɗauki 406 ɗin, matuƙar ta tsallake binciken da zan faɗa maka.

Ba wai Passat mota ce mara kyau ba. Jikinta ba ya saurin tsatsa, cikinta ya fi ƙawa, kuma a kan kwalta mai santsi tana kwanciya yadda ake so. Amma ka lura da abin da ka faɗa da bakinka: ta fi kyau, kuma ta fi araha. Kasuwa ba ta yin irin wannan kyauta. Masu saye sun san abin da ke biyo baya, shi ya sa farashinta ya kwanta. Araha ba ta ado.

Ka sa bakanike ya ɗaga ta ka leƙa ƙafafun gaba. Passat ta wannan zubi, wadda aka ƙera daga 1996 zuwa 2005, ƙirar ƙafarta ɗaya da Audi A4: hannaye huɗu a kowane gefe, takwas ke nan, kowane da gwiwarsa a manne. Idan gwiwa ta ci, hannun gaba ɗaya za a canja. Kai kuma hanyarka ta burji ce da ramuka, ga dilolin atamfa a baya. Ɗaya zai fara ƙara, ka gyara, bayan wata biyu na kusa da shi ya karɓa. Idan injinta 1.8 ne mai tabo (turbo, na'urar ƙara wa inji ƙarfi), yana son baƙin mai mai tsada a kan kari. Wanda aka daɗe ana zuba masa man awo na bakin titi, man yakan daskare ya toshe rariyar famfon mai, injin ya buga ba sallama. Canjin bel ɗin tayimin (bel ɗin da ke daidaita bugun inji) ma sai an zaro gaban motar, don haka ladan aiki ya fi yawa. Sannan akwai magudanar ruwa a ƙarƙashin batir. Idan ganye da ƙura suka toshe ta, ruwan damina ya sauka ƙarƙashin kafet ya jiƙa na'urar da ke kula da gilasai da makullan ƙofa.

Ita 406 'yar gida ce. Kamfanin Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ya fara harhaɗa motoci tun 1975, kuma 406 na cikin waɗanda ya harhaɗa. Amfanin wannan tarihi gare ka shi ne, ko a ƙaramin gari ta tsaya za ka samu wanda ya san cikinta, kayan gyaranta kuma cike suke a Ƙofar Ruwa da Panteka, sabo da na hannu. Ranar kasuwa ɗaya da za ka rasa saboda ana jiran kaya daga Legas, ribar da ta tafi ba ta dawowa, abokin cinikinka kuma ya saba da wani. Haka ranar da ka buƙaci kuɗi da gaggawa, 406 ba ta yin kwantai.

Tana da nata aibun. Da otomatik ce mai giyar AL4 da na ce ka haƙura, giyar hannun ce ta cece ta. Idan injinta V6 ne mai lita 3, ka bar ta. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, ɗan kasuwa ba shi da aiki da wannan injin. Nemi 1.8 ko 2.0. Ka je da safe kafin a tayar da ita, ka taɓa injin ka ji sanyi ne. Idan fanka ta kama juyawa da zarar an murɗa makulli, an yi mata haɗin kai-tsaye, galibi don a ɓoye zafi. Buɗe murfin baƙin mai: idan ka ga kumfa mai launin shayi da madara, ruwa ya haɗu da mai, ka yi sallama. Ka kuma tafi da mai wayarin naka, ba na dillali ba, domin 406 ƙirar ƙarshen-ƙarshen nan wutarta ba ta son yanke-yanke.

Maganar da ta fi damuna ita ce ta jari. Atamfa tana juyawa ta haifi riba, mota kuwa kullum darajarta sauka take. Kada ka cire abin da zai rage yawan sarinka. Idan sayen zai sa ka koma karɓar kaya bashi a Kwari, ka jinkirta zuwa bayan cinikin sallah. Kuma kada ka zuba duk abin da ka ware a kan farashi: ka riƙe kamar kashi ɗaya cikin biyar don bel ɗin tayimin, famfon ruwa, birki da tayoyi a makon farko, ko da mai ita ya rantse jiya ya canja. Bayan haka ka buɗe wa motar shafinta a littafi, duk tafiya ka cire mata abin da za ka biya da a ce haya da dako ka yi, ka ajiye shi don gyara.

Takardu kuma kada ka yi musu sanyi. A Janairun 2017 Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, saboda haka idan an ce maka "'yar Kwatano ce, yanzu ta sauka", ka nemi takardar kwastam. Ka gwada lambar shasi da ke jikin motar da wadda ke rubuce, harafi bayan harafi, a yi takardar ciniki gaban shaidu biyu, sannan ka biya ta banki da sunan mai motar.