Na'urar da ke karɓe tuƙi daga hannun matuƙi

Ka ce, "Oga, idan kwamfuta tana iya ƙwace tuƙi daga hannun matuƙin jirgin yaƙi, me zai sa ya yarda da ita?" To ɗana, matso kusa.

Ɗauki F-16, jirgin yaƙi na Amurka. Tun 2014 aka sa masa wata na'ura mai suna Auto-GCAS, aikinta hana jirgi rungumar ƙasa. Idan matuƙi ya yi juyi mai tsanani, nauyin jikinsa kan ninka har sau tara, jini ya gangara ƙafa, sai ya suma jirgi yana tsakiyar gudu. Ita kuwa tana riƙe da taswirar tudu da kwari, tana lissafin tsayi da gudu. Da ta ga saura ƙiris, sai ta daidaita fukafukai, ta ɗaga hancin jirgi da ƙarfi, sannan ta sakar masa kayansa. A 2016 ta ceci wani ɗalibin matuƙi da ya suma a Arizona ta Amurka, malaminsa yana ta ƙwala masa kira a rediyo, shiru.

Amma ba ceton kaɗai ya sayo mata yarda ba. Ba ta zuwa a ɓoye. A gilashin da ke gaban idon matuƙi, wasu alamu biyu kamar kan kibiya suna matsowa daga dama da hagu, in sun haɗu ya san za ta karɓa. Yana ganin niyyarta tun kafin ta taɓa komai. Kuma ba ta da katsalandan. Sojan sama da gangan yake tafiya ƙasa-ƙasa, na'urar da za ta riƙa fizgar masa jirgi ba gaira ba dalili kashe ta zai yi. Kamar karen mota ne: wanda ke ihun "birki!" a kowace kwana, direba zai daina jin sa tun kafin a wuce Kwanar Dangora.

Dubi kuma Boeing 737 MAX, ko da yake na fasinja ne. An sa masa wani tsarin kwamfuta mai suna MCAS mai danna hancin jirgi ƙasa, da farko ba a bayyana wa matuƙa shi ba, ga shi a lokacin ya dogara da ma'auni ɗaya tak mai auna yadda hancin jirgi ke fuskantar iska. Ma'aunin ya yi ƙarya, matuƙa suna kokawa da abin da ba su gama saninsa ba. Jirage biyu, na Indonesiya a 2018 da na Habasha a 2019, suka faɗi, aka rasa rai 346.

Ka ga inda zancen ya faɗo kanmu, mu masu gyaran jirgi. Kwamfuta abin da ma'auni ya gaya mata shi take aiki da shi. Nan Kano ga ƙurar hunturu, ga zanzaro mai son gina ɗaki a bututun auna gudu. Jirgi ya tsaya, ka rufe bututun nan, kafin tashi ka cire murfin da hannunka ka leƙa ciki. Duk wayar da ka taɓa kuma ka rubuta a littafin aiki, ko ba a tambaye ka ba.